Koyon sana'a da faɗuwar ƴan lakkwal a Nijar: waiwaye

Tun zamanin mulkin mallaka, lakkwal hanya ce ta zuwa biro. Makarantar William Ponty ta Senegal, inda Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu, malamai da akawu take horarwa. Daga nan ne saɓanin ya samo asali. Bayan 1960, malamai da dama sun ɗauki koyon sana'a a matsayin mafita ga yaron da ya kasa samun birbe. Ɗalibai kuwa, da iyayensu, suna ganin tura yaro kafinta ko kanikanci shaida ce ta faɗuwa, ko da yake makarantu irin su Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maradi sai da ƙoƙari ake shigarsu.

Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 da karyewar darajar sefa a 1994 sun rage guraben aikin gwamnati, takarda ta daina zama tabbacin albashi. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ba koyon sana'a gurbi a cikin tsarin. Sai dai doka ba ta kawar da tsohuwar tambaya ba: muddin sai yaro ya faɗi ake nuna masa sana'a, ta ina za ta hana faɗuwar?