Abakwariga: Tarihin da Ya Rage a Bakin Tsofaffi

Mutanen Yukren da suka fara ƙaura zuwa Kanada a 1891, jikokinsu sun gina ƙauyen tarihi kusa da Edmonton domin adana labarinsu. Mu fa a Taraba? Tun kafin Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893, Hausawa fatake da marina sun daɗe zaune cikin Jukunawan Wukari, har suka ɗauki harshensu. Su ne Abakwariga. Mahdi Adamu ya yi bayaninsu a littafinsa na 1978, amma da Turanci. Salsalar kowane gida kuwa, wane ya haifi wane, daga wane gari kaka ya taso, galibi tana bakin tsofaffi. Ga ɗalibanmu 'yan Wukari na neman batun kundin digiri, ga rakoda a wayar kowa, amma sai mu ga sun karkata ga nazarin finafinan Kano.