Maganin Ciyawa, Yaƙi, da Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya

Yau ina so mu waiwayi tarihin wasu tsofaffin sojoji na wata ƙasa mai nisa, domin a ganina akwai darasi a ciki ga namu 'yan mazan jiya, musamman mu da muke zaune a jihar da ke da barikoki a Takum da Serti da nan Jalingo.

A shekarun da muke yaƙin basasa, wato 1967 zuwa 1970, Amurka ma tana can tana nata yaƙin a Biyetnam. Abin da ya fi damunta shi ne daji, don abokan gaba a cikinsa suke ɓuya. Sai ta yanke shawarar kashe dajin. Daga 1962 zuwa 1971 jiragenta suka yi ta feshin maganin ciyawa, fiye da lita miliyan 70, a kan itatuwa da gonaki. Wanda aka fi fesawa shi ne Agent Orange, sunan da ya samo daga zanen ruwan lemo da ke jikin durominsa. Haɗi ne na magunguna biyu, 2,4-D da 2,4,5-T, kuma wajen sarrafa na biyun ne wata guba mai suna dayoksin ta shiga ciki. Na farkon kuwa, manoman shinkafarmu na Gassol da Lau sun san shi, don har yau ana sayar da shi a shagunan kayan noma.

Da sojojin suka koma gida, sai cututtuka suka fara bayyana bayan shekaru. Duk wanda ya je neman diyyar nakasa sai a ce ya kawo hujjar cewa feshin ne ya jawo masa. To jama'a, ina tsohon kurtu zai samo hujjar abin da ya shaƙa shekara goma da suka wuce? A 1979 suka haɗu suka kai kamfanonin da suka yi maganin kotu, ciki har da Dow da Monsanto, kuma a 1984 aka sasanta a kan dala miliyan 180. Da aka raba, abin da ya isa hannun kowa bai taka kara ya karya ba.

Babbar nasararsu ta zo ne a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro mana jihar Taraba. Majalisar Amurka ta yi doka cewa idan soja ya yi aiki a Biyetnam a lokacin, kuma ya kamu da wata cuta da ke cikin jerin da gwamnati ta amince da shi, to za a ɗauka feshin ne sanadi, ba sai ya kawo wata hujja ba. Da cututtuka uku aka fara. A hankali aka ƙara ciwon dajin mafitsara, da ciwon sukari a 2001, da wani nau'in ciwon zuciya a 2010, da hawan jini a 2022.

Amma ciwon dajin ƙwaƙwalwa bai shiga wannan jeri ba, domin kwamitin masana da ke duba binciken ya ce hujjar da ke ƙasa ba ta isa ba. Ko rasuwar Sanata John McCain a 2018, wanda ya yi yaƙin Biyetnam kuma wannan ciwo ne ajalinsa, ba ta canza lamarin ba. Abin mamaki, dokar 2022 ta amince da ciwon ga sojojin Iraƙi da Afganistan da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanoninsu, ta bar na Biyetnam a baya. Su sai dai kowa ya shigar da buƙatarsa shi kaɗai, da takardar likita da ta danganta ciwon da feshin. Wasu sun yi nasara bayan ɗaukaka ƙara, amma ciwo ne mai saurin kisa, sau da yawa matar mamaci ce ke ƙarasa shari'ar.

Ba a fesa wa sojojinmu Agent Orange ba, amma matsalar hujja iri ɗaya ce. Kakanninmu sun je Bama a yaƙin duniya na biyu, iyayenmu sun yi yaƙin basasa, yayyenmu sun je Laberiya a 1990, ƙannenmu suna Arewa maso Gabas. Wanda ya dawo ba ƙafa, kowa ya ga rauninsa. Wanda ciwonsa ya ɓuya sai bayan ritaya fa? Idan har a 2024 tsofaffin sojoji sai da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan haƙƙoƙin da babu gardama a kansu, yaya ke nan ga haƙƙin da sai an yi musu?

Abu biyu ne suka taimaki na Amurka. Na ɗaya rubutu, don rundunarsu ta ajiye bayanin inda jirage suka yi feshi da ranakun. Na biyu haɗin kai, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka shawarata ga duk gidan da ke da soja, mai ci ko mai ritaya: a adana takardar sallama, da lambar aiki, da sunan bataliya, da wuraren da aka tura shi da shekarun, da duk katin asibiti. A zauna da tsofaffi a rubuta abin da suka gani tun suna iya faɗa. A kuma yi rajista da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, kada a tsaya ga faretin 15 ga Janairu kawai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.