Dokar Ohm: Yadda Ake Lissafin Turjiya da Ƙarfin Wutar Lantarki

Dokar Ohm ita ce ƙa'idar da ke bayyana alaƙar abubuwa uku a cikin da'irar lantarki: ƙarfin turawa, yawan kwarara da turjiya. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Georg Simon Ohm, ne ya wallafa ta a shekarar 1827, kuma har yau da ita masu aikin wuta ke tantance nauyin da waya za ta iya ɗauka.

Ƙarfin turawa (V) shi ne matsin da ke ingiza lantarki cikin waya, ana auna shi da bolt. Kwarara (I) ita ce yawan lantarkin da ke wucewa, ana auna ta da amfiya. Turjiya (R) kuwa ita ce tirjewar da waya ko na'ura ke yi wa wannan kwarara, ma'auninta om. Akwai kuma ƙarfin aiki (P), wato yawan makamashin da na'ura ke ci a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da wat.

Idan aka san biyun farko, sauran suna fitowa cikin sauƙi. Ana samun turjiya ta hanyar raba bolt da amfiya (R = V ÷ I), ƙarfin aiki kuma ta hanyar ninka su (P = V × I).

A Najeriya, wutar gida ta ƙa'ida bolt 230 ce. Butar lantarki mai jan amfiya 10 tana da turjiyar om 23, kuma tana cin wat 2,300. Idan ta yi rabin sa'a a kunne, mita za ta cire yunit 1.15, domin yunit ɗaya daidai yake da wat 1,000 na tsawon sa'a guda.

Wannan lissafi ne ke bayyana dalilin da ruwa ke daɗewa bai tafasa ba idan wuta ta zo da rauni. Idan bolt ya faɗo zuwa 115, turjiyar butar tana nan a om 23, kwarara ta koma amfiya 5, ƙarfin aiki ya zama wat 575 kacal, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai na'urori masu inji, irin su firji da famfon ruwa, ba sa bin wannan tsari kai tsaye. Raunin wuta kan sa su ja kwarara fiye da kima har injin ya ƙone.

Lissafin yana kuma kare dukiya da rayuka. Soket na gida mai amfiya 13 iyakarsa wat 2,990. Idan aka haɗa butar nan da dutsen guga mai wat 1,000 a kansa, jimla ta kai wat 3,300, sama da amfiya 14. Zafin da waya ke yi kuwa yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da kwarara ta ninku sau biyu (P = I² × R), kuma daga nan gobara kan tashi.

Saboda wannan dalili ne manyan layukan dakon wuta na ƙasa ke aiki da bolt 330,000 da 132,000. Ɗaga bolt yana rage kwarara, raguwar kwarara kuma tana rage makamashin da ke salwanta a matsayin zafi kafin wuta ta isa gari.