Makwancin Yaro a Gidan Bahaushe: Tarihin Shimfiɗar Uwa da Ɗa a Kudancin Kano

Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan aure da haihuwa da suna da kaciya, amma ba kasafai sukan tsaya a kan wata 'yar ƙaramar tambaya ba, watau in dare ya yi, ina yaro yake kwana, kuma da wa? Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin wannan al'amari a ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Abin da za a nuna shi ne, a tsarin da muka gada makwancin yaro hawa-hawa ne, yana sakewa gwargwadon shekarunsa, kuma fasalin gida shi ne ya riƙe wannan tsari. Da fasalin gida ya sake, sai matakan suka fara rushewa.

Ƙasa da fasalin gida

Wannan yanki shi ne ya fi sauran ƙasar Kano samun ruwan sama, tun ba ma wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai ba, kuma hunturunsa yana da kaifi. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, har Bature mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya bi ta cikinsa a 1826, ya ambaci girmansa. A rabin ƙarni na 19 na biyu hare-haren Ningawa sun addabi kudancin Kano, saboda haka jama'a suka riƙa cunkusuwa a garuruwa masu ganuwa. Bayan da rundunar Turawa ta fasa Bebeji a farkon Fabrairun 1903, ta wuce ta ci Kano, sai yaƙe-yaƙe suka kwanta, mutane suka sami damar bazuwa su kafa gidaje a bakin gonakinsu.

Ko a cikin gari ko a karkara, gidan wancan zamani gidan gandu ne. Daga ƙofa akwai zaure, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida, inda kowane magidanci yake da sashensa. Akasarin ɗakuna kago ne ko adada mai jinkar ciyawa, masu hali kuwa su yi soro. Ƙasa da kara da ciyawa duk a kusa suke, don haka ƙara ɗaki aikin rani ɗaya ne, da gayya. Maguzawan ƙasar Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya yi bincike a cikinsu a 1938 zuwa 1939, su ma a irin waɗannan manyan gidaje suke zaune, dangi guda a waje guda.

Muhimmin abin lura shi ne, a wannan gida ɗaki na mace ne. Ita ake kai wa amarya a cikinsa, jerenta ne a ciki, gadonta ne. Maigida mai hali yana da turakarsa, inda matar da take da girki takan same shi, yawanci kwana biyu-biyu. Wanda ba shi da turaka kuwa, shi ne yake zagayawa ɗakunan matansa. Ke nan babu wani ɗaki guda da za a kira ɗakin iyaye, wanda za a yi shawarar ko a shigar da yaro ko a fitar da shi. Ɗakin uwa ne, yaro kuma ɗan ɗakin ne. Harshe ma ya riƙe wannan, domin 'ya'yan mace guda su ake kira 'yan ɗaki ɗaya.

Matakin farko: jego da goyo

Mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can. Kwana arba'in na jego kuwa, ko a gidan wa aka yi su, miji ba shi da wuri a ɗakin. Wata tsohuwa ce take kwana da mai jego, ta kula da wankanta na ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa, da wankan jinjiri da gasa cibiya. A gidaje da yawa akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashinsa, inda ake zuba garwashi don mai jego ta gasa jiki. Ba duk abin da aka gada ba ne ya zama alheri. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Zazzau da haɗuwar zafin gado da wankan tafasasshen ruwa da yawan shan kanwa.

Bayan arba'in, jariri yana nan a shimfiɗar uwarsa har yaye. Da rana yana goye a bayanta, da dare yana gefenta, ta wajen bango, in ya motsa ta ba shi nono ba tare da ta tashi ba. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, al'ada kuma ta tafi kusa da haka. A tsawon wannan lokaci ana sa ran miji ya ƙaurace wa matarsa, ko ya rage kusantarta ƙwarai. Matar da ta yi kwanika, watau ta sami ciki tana da ɗanyen goyo, abin gori ce a wurin 'yan'uwanta mata, domin an yi imani nononta ya ɓaci, zai sa wa yaro zawo da rama. Ko da yake bayanin tsofaffi a kan ɓacin nono bai dace da ilmin likitanci ba, sakamakon da suke gudu gaskiya ne: yaron da aka cire daga nono da wuri aka mayar da shi kan koko zalla yakan faɗa tamowa. Ashe ke nan kwanciyar jariri a gadon uwa ita ce katangar da ta tsare tazarar haihuwa, tun kafin a san wannan kalma a asibiti.

Mataki na biyu: yaye da ɗakin kaka

Yaye a ƙasar Hausa canjin makwanci ne kafin ya zama canjin abinci. Ranar da aka sa, sai a ɗauki yaro a kai shi wurin kakarsa ko gwaggonsa ko innarsa, ya yi kwanaki ba ya ganin uwarsa, a yi ta lallashinsa da kunu da fura da wasan kaka da jika. Wani yakan dawo bayan mako ɗaya ko biyu, wani kuwa ya zauna ke nan riƙo, musamman ɗan fari, wanda dama akwai kunya tsakaninsa da iyayensa, ba su faɗin sunansa, ba su nuna damuwa da shi a gaban jama'a.

Mafi kusancin shaidar da aka rubuta a kan wannan ita ce ta Baba mutuniyar Karo, wadda ta tashi a wajejen Zarewa, yamma da ƙasar Ƙiru. Ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 zuwa 1950, aka buga shi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurar da su, kuma labarinta cike yake da bayanin kunyar ɗan fari da yaye da riƙo. Daga nan za a gane cewa karin maganar nan, ɗa na kowa ne, yana da ma'ana ta zahiri: yaro yana da shimfiɗa fiye da ɗaya a cikin danginsa.

Mataki na uku: tabarma da zaure

Yaron da ya dawo daga yaye ba ya komawa gado, domin wurin ya zama na ƙanen da ke tafe. Tabarma ce tasa a ƙasa, tare da yayyensa. In girkin uwarsu ya zo, maigida kuma ba shi da turaka, sai a kwashe su zuwa ɗakin kaka ko na kishiyar uwa. A nan ma al'ada ta sami madogara a addini. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta hori a koya wa yara neman izni a lokuta uku, kafin sallar Asuba da lokacin ƙailula da bayan sallar Lisha. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito kuma ya yi umurni da a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma.

Yaro namiji, da zarar an yi masa kaciya, yawanci wajen shekara bakwai, ya fara jin kunyar kwana a ɗakin mata. Sannu a hankali sai ya koma zaure ko shigifa tare da sa'o'insa, ko kuwa a ba da shi ga malami ya tafi karatun allo. Yarinya kuwa takan zauna a ɗakin kaka ko na uwa har ranar da za a kai ta nata ɗakin.

Sauye-sauyen zamani

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kuɗi suka shiga hannun manoma. Da tafiya ta yi tafiya, gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon kara da na ƙasa daga ɗakin amarya, katifar soso ta kori ta audugar rimi. Amma wannan bai raba uwa da jariri ba, sai ma ya faɗaɗa musu wuri. Haka kuma gidan sauro, wanda aka yi gangamin rabawa kyauta a Jihar Kano a 2009, ya daɗa haɗa su a ƙarƙashin rumfa ɗaya.

Abin da ya girgiza tsarin shi ne canjin gida. Gandu ya yi ta raguwa, matasa suna ware tukunya da wuri. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tashi ƙauyuka, aka sake musu matsuguni. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya haifar da ma'aikata masu zaman haya nesa da dangi. Ginin bulo da kwano ya sa ƙara ɗaki ya zama aikin kuɗi, ba na gayya ba. A garuruwan bakin titi, irin su Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, magidanci da yawa ciki da falo ne duk abin da ya mallaka, wani ma ɗaki ɗaya. Babu turaka, babu zaure, kaka kuma tana can ƙauye. Sai ga miji da mata da jariri a katifa guda, 'yan shekara biyar da goma a ƙasa kusa da su. Wannan shi ne sabon abu a tarihinmu, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarsa tamkar al'adar gargajiya.

Waiwaye ga sauran duniya

A Turai tsoron danne jariri cikin barci ya daɗe. A Ingila dokar yara ta 1908 ta mayar da shi laifi ga babban mutumin da ya kwanta da ƙaramin yaro cikin maye har yaron ya mutu. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawara a 2016, ta kuma sabunta ta a 2022, cewa jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shida na farko, amma a tasa shimfiɗar, a rigingine, a kan abu mai tauri. A Japan kuwa, binciken Caudill da Plath na 1966 ya nuna yara suna kwana da iyaye ko kakanni shekaru masu yawa. Darasin da ya shafe mu shi ne, haɗarin ya danganta da irin shimfiɗar. Tabarma da gadon ƙasa masu tauri ne, amma katifa mai laushi da tulin matasai da bargo mai nauyi da cunkoson mutane suna iya toshe numfashin jinjiri.

Kammalawa

An ga yadda yaro a kudancin Kano yake tashi daga gadon uwa zuwa ɗakin kaka, daga nan zuwa tabarma, daga tabarma zuwa zaure. Kowane mataki yana da aikinsa: na farko ya tsare lafiyar jariri da tazarar haihuwa, na biyu ya ɗaura shi da danginsa, na uku ya koya masa kunya da tsayawa da ƙafarsa. A yau matakin farko yana nan daram, sauran kuwa ƙuncin muhalli yana cinye su. Ba za a komo da gidan gandu ba, amma magidancin da zai aza tubali, da hukumar da za ta yanka filaye, da malamin da zai yi wa'azin tarbiyya, ya kamata su riƙa lissafi da ɗakin yara kamar yadda kakanninmu suka yi lissafi da zaure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kuma aiki a kan ɗalibanmu na Hausa, su shiga Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, su zauna da tsofaffin ungozomai da kakanni, su rubuta abin da suka sani game da jego da yaye da riƙo tun suna raye.