Wa ke biyan kuɗin asibiti bayan haɗari a Amurka?

A Amurka, mutumin da ya ji rauni a haɗarin mota yakan fara samun takardun neman kuɗi daga asibiti tun kafin ya warke, ko da kuwa ba shi ne mai laifi ba. Dalili shi ne kamfanin inshorar mai laifin ba ya biyan kuɗin magani yayin da ake jinya. Yakan jira har a cimma sulhu ko kotu ta yanke hukunci, abin da kan ɗauki watanni, wani lokaci ma shekaru.

A tsawon wannan lokaci, bashin yana kan majinyacin ne.

Kulawar gaggawa

Wata dokar tarayya ta shekarar 1986 ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin shirin Medicare su duba duk wanda aka kawo sashen gaggawa, su kuma ceto rayuwarsa, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi.

Sai dai dokar ba ta ce a yi aikin kyauta ba. Asibiti zai aiko da takardar kuɗinsa, haka ma likitan tiyata da masu ɗaukar hoto da motar ɗaukar marasa lafiya, sau da yawa kowa da tasa.

Tun daga watan Janairun 2022, wata doka ta hana a ɗora wa mai inshorar lafiya ƙarin kuɗi don kawai asibitin gaggawar da aka kai shi ba ya cikin waɗanda kamfaninsa ke hulɗa da su. Amma wannan kariya ba ta shafi motocin ɗaukar marasa lafiya ba.

Bambanci tsakanin jihohi

Wanda zai fara biya ya danganta da jihar da abin ya faru.

Kimanin jihohi 12 suna bin tsarin da ba a jiran a gano mai laifi. A can, inshorar motar wanda ya ji rauni ce ke fara biyan kuɗin magani har zuwa wani adadi.

A jihar Niyok adadin ya kai dala 50,000, kuma ana bukatar a sanar da kamfanin a rubuce cikin kwanaki 30. A Fulorida dala 10,000 ne, kuma tilas mutum ya ga likita cikin kwanaki 14 da aukuwar haɗarin, in ba haka ba ya rasa wannan haƙƙi.

A sauran jihohin kuwa, majinyaci kan dogara ne da inshorar lafiyarsa, ko Medicare idan ya kai shekaru 65, ko Medicaid idan mai ƙaramin ƙarfi ne, kafin diyya ta fito. Wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da wani tsarin diyyar ma'aikata na daban.

Idan babu inshorar lafiya, lauya kan rubuta wa asibiti takardar alkawari cewa za a biya shi daga cikin diyyar. Asibitoci a jihohi da dama suna kuma da ikon shigar da da'awa a kan kuɗin tun kafin su fito.

Yadda ake rabon diyya

Kuɗin da aka yi sulhu a kansu ba duka ke shiga aljihun wanda ya ji rauni ba.

Lauyoyin wannan fanni galibi ba sa karɓar kuɗi tun farko. Sukan ɗauki kashi ɗaya cikin uku na diyyar, ko kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kai ga shari'a. Idan ba a samu komai ba, su ma ba su da lada.

Bayan haka, kamfanin inshorar lafiya na iya neman a mayar masa da abin da ya kashe. Shi ma shirin Medicare yana da wannan iko a ƙarƙashin wata doka ta 1980.

Misali, idan an yi sulhu a kan dala 90,000, lauya ya ɗauki 30,000, masu bin bashin magani suka karɓi 25,000, abin da zai rage wa majinyaci dala 35,000 ne, kafin a cire kuɗin tattara takardu da sauransu. Shi ya sa lauyoyi kan nemi ragi daga masu bin bashin.

Abubuwan lura

Da zarar mutum ya sa hannu a takardar sulhu, magana ta ƙare. Idan daga baya aka gano yana bukatar wata tiyata, ba zai iya komawa neman ƙari ba. Don haka ake son a jira har likita ya fayyace iyakar raunin.

Sai dai jiran yana da iyaka, domin akwai wa'adin shigar da ƙara. A Kalifoniya shekaru 2 ne, a Niyok 3, ita kuwa Fulorida ta rage nata daga shekaru 4 zuwa 2 a 2023.

Majinyaci na iya neman asibiti ya ba shi cikakken lissafi dalla-dalla domin ya duba ko akwai kuskure. Haka kuma dokar kiwon lafiya ta 2010 ta wajabta wa asibitocin da ba na neman riba ba su kasance da tsarin sassauci ga marasa hali.

Yin biris da takardun kan sa a miƙa bashin ga kamfanonin karɓar bashi, abin da ke iya ɓata sunan mutum wajen neman rance ko hayar gida. Tun daga 2022, manyan kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion, suna jiran shekara guda kafin su sanya bashin magani a tarihin mutum, kuma a 2023 suka cire duk wanda bai kai dala 500 ba.