Ƙarfe da fosfet: garin da ke cikin batirin sola

Duk mai shago a Daura da ya sayi batirin sola mai tambarin LiFePO4, kuɗinsa ya tafi ne kan wani baƙin gari da ke cikinsa, wato haɗin litiyam da ƙarfe da fosfet. Tawagar John Goodenough ta Jami'ar Texas a Amurka ce ta wallafa amfaninsa ga batir a 1997.

A ɗakin gwaje-gwaje, akan haɗa ruwan gishirin ƙarfe da na fosfet har gari ya kwanta. Sai a tace, a busar, a cuɗa da gishirin litiyam da sukari, a gasa a zafin kimanin digiri 700 cikin tanderun da iskar oksijin ba ta shiga. Sukarin kan koma gawayi, ya lulluɓe ƙwayoyin garin domin lantarki ya ratsa.

Daga nan akan haska garin da eksire, a tabbatar tsarin ƙwayoyinsa ya daidaita, domin gurɓataccen gari kan rage wa batir kwana. Ingantaccensa kuwa ya fi sauran batiran litiyam jure zafi da wuyar kamawa da wuta, abin da shago ke buƙata a bazarar Daura.