Daga soro zuwa kwano: yadda ƙasar Baure ta yi zama da hunturu

Tunda hazo ya sauko, leɓuna sun fara tsagewa, wannan makon za mu waiwayi ɗakunan da kakanninmu suka kwana a ciki.

Sanyin ƙasar nan ba sabon abu ba ne. A Disambar 1823, Turawan Birtaniya biyu, Clapperton da Oudney, suna kan hanyar Borno zuwa Kano suka wayi gari ruwan da ke cikin ƙoransu ya yi ƙanƙara a sama. Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairun 1824. A wannan zamanin ne kuma sarautar Haɓe ta Daura, wadda jihadi ya fitar daga birni wajen 1805, take neman wurin zama, har ta kafu a Zango da nan Baure. Duk wanda ya kafa gari a wannan fili, inda iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura tun daga Bodele a Chadi, dole ya san abin da zai yi da daren Janairu.

Abin da suka yi shi ne gina bango mai kauri. Ana cuɗa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya, a jera shi da kauri daga tushe yana sirancewa zuwa sama. Irin wannan bango yini yake yi yana shan rana, sai dare ya raba sannan ɗumin ya ratso ciki. Rufin soro ma haka: azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari a kai, a zuba ƙasa, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, a sa indararo don damina. Kenan mai soro yana kwana ne ƙarƙashin bargon ƙasa. Masu hali sukan sa a yi musu daurin guga, fasahar da ta kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Amma mu faɗi gaskiya, soro na masu sarauta ne da attajirai da malamai. Yawancin mutanen karkararmu ɗakin jinka suka sani, kuma a nan hikimar ta fi burge mu. Ana hura wuta a tsakar ɗaki, ko a ƙarƙashin gadon ƙasa da tsofaffi da masu jego ke kwana a kai. Hayaƙin ba ya tsayawa, yana bi ta cikin bunu ya fice a hankali, iska kuma na shigowa ta tsakanin bango da jinka da gefen asabarin ƙofa. Baƙin kunkunniyar da ke manne a saman ɗaki ma tana rage ƙwari. A soro kuwa, 'yar tagar nan da ake bari can sama, wadda yaran yanzu ke yi wa dariya wai kamar ta kurkuku, ita ce hanyar hayaƙi, domin iska mai zafi sama take yi. Ba mu ce babu illa ba. Tari da ciwon ido sun yi yawa, gobarar hunturu kuma kan lashe unguwa guda kafin a ɗebo ruwa daga rijiya.

Tsoron gobarar nan da wahalar yaɓe duk shekara su suka buɗe wa kwano ƙofa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan ginin Turawa suka fara samuwa, sannu a hankali rufin kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Giginya ta yi ƙaranci, 'ya'yan magina suka koma bulo da siminti. Sai dai kwano ba ya riƙe komai. Da bazara ya gasa mu, da hunturu ya saki ɗumin ɗaki tun kafin tsakar dare, har raɓa ta taru a cikinsa tana ɗigo mana da asuba.

To a nan matsalar take. Mun bar ɗakin da ke numfashi, amma ba mu bar kaskon wuta ba. Yau sai a sa silin, a rufe tagar gilashi, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa, sannan a shigo da garwashin gawayi kusa da jariri. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa bai ma san ta shige shi ba. Irin ta ce hayaƙin janareta ke fitarwa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a fitar da kasko waje kafin a kwanta.

Masu shirin gini kuma, silin da aka yi shi da kyau yana tare ɗumi a ƙasa, amma a bar kafofin iska tsakaninsa da kwano a bango biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye, a kuma bar ƙaramar taga a sama cikin ɗakin kansa. Wanda ya san inda tsohon soro ya rage a Baure, Babban Mutum ko ƙauyukan kewaye, ya ɗauko mana hoton tagarsa da azararsa ya ajiye a ƙasan wannan rubutu.